Theodor Bilharz: Matashin likitan da ya gano tsutsar tsargiya

Duk wanda ya taso a garin da yara ke wankan rafi ko kududdufi ya san tsargiya. Yaro ya gama fitsari, sai ɗigon ƙarshe ya fito ja. A wasu wuraren har cewa ake alamar balaga ce, wai yaro ya zama namiji. To ba balaga ba ce, tsutsa ce, kuma wanda ya fara gano ta wani Bajamushe ne ɗan shekara 26, kusan sa'ar yayyenmu.

An haifi Theodor Bilharz a garin Sigmaringen na Jamus a 1825. Ya karanta likitanci a Tübingen, sannan a 1850 ya bi malaminsa Wilhelm Griesinger zuwa Masar, ya kama aiki a asibitin Kasar al-Aini da ke Alƙahira. A lokacin fitsarin jini ya zama ruwan dare tsakanin manoman bakin Kogin Nilu, babu wanda ya san musabbabinsa.

A 1851 yana binciken wata gawa, sai ya ci karo da wasu fararen tsutsotsi a cikin jijiyar jinin da ke shiga hanta. Ya riƙa rubuta wa tsohon malaminsa von Siebold wasiƙu yana bayanin abin da yake gani. Abin da ya fi burge ni shi ne, tsutsar ashe ma'aurata ce: namijin kakkaura ne, yana da tsagi a jikinsa, macen siririya tana kwance a ciki, haka suke rayuwa tare. Nau'in da ke jawo fitsarin jini yana zama a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwan da macen ke zubawa yana da ƙaya a ƙarshensa, shi ne ke huda bangon mafitsara ya fito da jini. Idan abin ya daɗe ba magani, yana iya taɓa ƙoda, har ya kai ga sankarar mafitsara.

Yadda tsutsar ke shiga jikin mutum kuwa, bai kai ga gano shi ba. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa a jikin dodon koɗin ruwa take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai noman rani.

Yanzu ku duba kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10. Idan an ga jini a fitsari ba a san dalili ba, lambarsa R31. Idan gwaji ya nuna tsargiyar mafitsara ce, sai ta koma B65.0, kuma a kan wannan rukunin sunansa na nan a cikin kalmar bilharziasis. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin B65.0 tana da magani sananne, praziquantel, wanda ake raba wa 'yan makaranta a jihohin Najeriya.

A 1862 Bilharz ya raka wani basaraken Jamus, Ernst na Biyu, tafiya zuwa Massawa da ke gaɓar Bahar Maliya. Can ya kwaso zazzaɓi mai tsanani, ya dawo Alƙahira ya rasu ranar 9 ga Mayu, yana da shekara 37. A Alƙahira aka binne shi, kuma akwai cibiyar binciken cututtuka a Giza da ke ɗauke da sunansa har yau.