Biktor Hugo, marubucin talakawa

An haifi Biktor Hugo a garin Bezanson, cikin ƙasar Faransa, ran 26 ga Fabrairu 1802. Ubansa soja ne, har ya kai janar a rundunar Napoleyon. Shi ko yaron alƙalami ya ɗauka. Tun yana makaranta yake tsara waƙoƙi.

A 1831 ya fid da Notre-Dame de Paris, labarin wani mai ƙusumbi da ke kaɗa ƙararrawa a babban cocin Paris. Littafin ya sa mutane suka tuna da tsohon ginin, aka shiga gyaransa.

A 1843 babban rashi ya same shi. Ɗiyarsa Lewopoldin, mai shekara 19, ta nutse a kogin Sen tare da mijinta. Hugo yana kan tafiya, a jarida ya ga labarin.

A 1851 shugaban ƙasa, Luwi Napoleyon, ya rushe majalisa da ƙarfin soja. Hugo ya ƙi yarda, dole ya bar ƙasar. Yawancin zamansa ya yi shi a tsibirin Gernese, kusa da gaɓar Faransa. A 1859 aka yi wa masu gudun hijira ahuwa, ya ƙi komawa. Sai da mulkin ya faɗi a 1870 ya koma gida, bayan shekara 19.

A can ne ya gama babban littafinsa, Les Misérables, wanda ya fito a 1862. Labarin Jan Baljan ne, talaka da ya saci burodi don ƴaƴan ƴar'uwarsa masu jin yunwa. Aka yanke masa kaso na shekara 5. Saboda yawan ƙoƙarin gudu, sai da ya cika 19. Da ya fito, kowa yana korarsa, sai wani limamin kirista ya ba shi abinci da wurin kwana. Wane ne mai laifi, mai satar burodi ko waɗanda suka bar yara da yunwa? Tambayar da littafin ke yi ke nan.

Amma tausayin Hugo bai kai ko'ina ba. A 1879 ya yi jawabi yana zuga Turawa su mamaye Afirka. Nan kam ya yi kuskure.

Ya rasu a Paris ran 22 ga Mayu 1885, yana da shekara 83. An ɗauki gawarsa a keken gawar matalauta, yadda ya bar wasiyya. Jama'a fiye da miliyan ɗaya suka fito rakiya, aka rufe shi a Panteyon, makwancin manyan mutanen Faransa.