Tanaka Raizo: amiral ɗin da ya ci yaƙin dare, aka kuma ajiye shi gefe

An haifi Tanaka Raizo a yankin Yamaguchi na ƙasar Japan a 1892. Ya gama makarantar hafsoshin sojan ruwa a 1913, ya ƙware a kan torpido, makamin da ke tafiya ƙarƙashin ruwa ya fasa jirgi.

Sunansa ya fito ne a yaƙin duniya na biyu. A watan Agustan 1942 sojojin Amurka suka sauka a tsibirin Guadalcanal, cikin tekun Pasifik, suka ƙwace filin jirgin sama. Tun daga nan jiragen ruwan Japan ba su iya kusantar tsibirin da rana, yunwa kuwa ta kama dakarunsu da ke can. Aka ɗora wa Tanaka kai musu abinci cikin dare. Sai a cika ganguna da shinkafa da magani, a ɗaure su da igiya, a jefa a ruwa kusa da gaɓa.

A daren 30 ga Nuwamban 1942, kusa da Tassafaronga, yana tafe da ƙananan jiragen yaƙi 8 sai ya ci karo da manyan jiragen Amurka 5 da ƙanana 6, ƙarƙashin amiral Carleton Wright. Amurkawa na da na'urar rada, su suka fara harbi, suka nutsar da jirgin Takanami. Amma hasken bindigoginsu ya tona inda suke. Mutanen Tanaka suka saki torpido: jirgin Northampton ya nutse, wasu manya 3 suka lalace ƙwarai, Amurkawa kusan 400 suka mutu.

Duk da wannan nasara, abincin bai kai ga mayunwatan ba a daren. Tanaka ya sha gaya wa shugabanninsa cewa riƙe tsibirin ba zai yiwu ba, kuma maganar ba ta yi musu daɗi ba. A ƙarshen Disamba aka cire shi, daga baya aka tura shi aikin tudu a Bama, ƙasar da Hausawa da dama suka yaƙi Japan cikin rundunar Ingila. Bai sake jagorantar jirage a teku ba.

A Fabrairun 1943 Japan ta kwashe sojojinta daga Guadalcanal, kamar yadda ya ba da shawara. Tanaka ya rasu a 1969, yana da shekara 77.