Marigayi Janar Murtala da Wasiƙar Shugaban Amurka

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, wanda na zaɓi in ba da tarihinsa shi ne mutumin nan da hotonsa yake jikin takardar naira ashirin, watau Janar Murtala Ramat Muhammad. Mu mutanen Jabo da Tambuwal da Kebbe muna da dalilin tunawa da shi, domin shi ne ya raba Jihar Arewa maso Yamma ran 3 ga Fabrairu 1976, aka sami Jihar Sakkwato da Jihar Neja. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya yi da shugaban Amurka.

An haife shi a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba 1938. Ya yi makarantar kwana ta gwamnati kamar yadda muke yi, watau Kwalejin Barewa ta Zariya. Daga nan ya shiga soja, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila. A lokacin yaƙin basasa shi ne ya jagoranci Runduna ta Biyu, kuma sojojinta ne suka kashe fararen hula masu yawa a Asaba cikin Oktoba 1967. Wannan tabo ne a tarihinsa, bai kamata a ɓoye shi ba. Ran 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da Janar Gowon, Murtala ya zama shugaban ƙasa.

To, a shekarar nan ne Turawan Fotugal suka bar Angola, ƙungiyoyi uku suna faɗan mulki. Rasha da Kyuba suna bayan MPLA ta Agostinho Neto. Amurka kuwa tana taimakon FNLA da UNITA a asirce, saboda tsoron kada 'yan gurguzu su sami gindin zama. Da farko Nijeriya ba ta goyi bayan kowa ba. Amma da sojojin Afirka ta Kudu, masu wariyar launin fata, suka kutsa Angola don taimakon abokan gaban Neto, sai Murtala ya amince da gwamnatin MPLA cikin Nuwamba 1975.

Shugaban Amurka na lokacin, Gerald Ford, ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa don su ƙi bin wannan hanya. Wataƙila ya ɗauka za a karanta a ɗaki a yi shiru. Ina! Gwamnatin Murtala ta ba jaridu wasiƙar suka buga, ta kuma mai da martani mai zafi. Sa'an nan ran 11 ga Janairu 1976 Murtala ya tsaya gaban taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Addis Ababa, ya nuna cewa Afirka ta isa ta yanke wa kanta shawara ba sai wata babbar ƙasa ta yi mata ba. Taron ya watse an yi kunnen doki, ƙasashe 22 nan, 22 can, amma cikin Fabrairu ƙungiyar ta amince da MPLA. A ganina ba son Rasha ne ya sa shi ba. Ya ga wanda Amurka ta haɗa kai da shi ne, ya ƙi. Kuɗin man fetur kuma sun ba shi bakin magana, ga shi Amurka tana cikin manyan masu sayen manmu a lokacin.

Ran Jumma'a 13 ga Fabrairu 1976 sojojin Laftanar Kanar Dimka suka harbe shi cikin motarsa a Legas, yana da shekara 37, bai cika wata bakwai a kan mulki ba. Allah ya jiƙansa. Bayan shekara biyu, a 1978, Shugaba Jimmy Carter ya zo Legas da kansa don gyara zumunci da Janar Obasanjo. Gwamnatin Angola kuwa, Amurka ba ta amince da ita ba sai a 1993, zamanin Bill Clinton.