Alhaji Aliyu Mai-Bornu (1919–1970): Daga Aji Zuwa Babban Banki

Gabatarwa

Duk wanda ya ci kasuwar Talatar Mafara, ko ya sayar da shinkafa a Bakura ko Maradun, ya sha riƙe hoton wannan bawan Allah a hannunsa. Shi ne mai hula a jikin takardar naira dubu, kusa da Dakta Clement Isong. Amma kaɗan ne daga cikin masu ƙirga takardar suka san ko wane ne shi. Galibin waɗanda suka san shi ma ba su san cewa malamin makaranta ne ba tun kafin ya zama ma'aikacin banki.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Aliyu Mai-Bornu a Yola cikin shekarar 1919. Iyayensa Barebari ne, mahaifinsa kuwa ɗan majalisar Lamiɗon Adamawa ne. Da farko mahaifin bai yarda a sa shi boko ba, kamar yadda iyaye da yawa na wancan zamani suke ɗari-ɗari da makarantar Nasara, sai da Lamiɗo ya sa baki. Ya yi Elementare da Midil a Yola, sannan a 1938 ya shiga Kwalejin Kaduna, wato magajiyar Kwalejin Katsina. Ya fito a 1942 da takardar shaidar koyar da Turanci.

Koyarwarsa

Malam Aliyu ya yi shekara fiye da goma riƙe da alli. Ya koyar a Midil ta Yola daga 1942 zuwa 1946, sannan ya koma kwalejin da ta yaye shi, wadda aka mayar Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A wannan lokaci ya shiga Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranci kafawa. Aikin ƙungiya ba na albashi ba ne, na sa-kai ne, domin a ɗaga darajar malami da ilmin yaran Arewa. A 1952 ya koma Midil ta Yola a matsayin mataimakin hedimasta.

Komawarsa Ɗalibi

Yana da shekara talatin da 'yan kai, lokacin da tsararsa suke ganin sun gama neman ilmi, sai ya sami tallafin gwamnati ya tafi Jami'ar Bristol a Ingila. Ya karanta ilmin tattalin arziki, ya sami digiri a 1957. A wancan lokaci ana iya ƙidaya masu digiri na Jihar Arewa da yatsu, ga kuma mulkin kai ya ƙarato, manyan kujeru kuwa galibi suna hannun Turawa.

Aikin Banki

Bayan shekara biyu yana aikin mulki a Gwamnatin Arewa, sai aka ba da aronsa ga Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959. Kafin nan wata hukuma ce a Landan take buga wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila kuɗi. Ya shiga da muƙamin mataimakin sakatare, ya zama mataimakin gwamna a 1962. Ranar 25 ga Yuli, 1963 ya gaji Baturen nan Roy Fenton, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci bankin. A zamaninsa aka sake takardun fam a 1965 don su dace da matsayin ƙasar na jamhuriya. Shi ne kuma ya riƙe amanar baitulmalin a rikicin 1966, sa'ad da gwamnati ta kife har sau biyu. Ya sauka a watan Yuni na 1967, gab da ɓarkewar yaƙin basasa. Daga nan ya shugabanci Kamfanin Taba na Nijeriya har zuwa 1969.

Kammalawa

Allah ya yi masa rasuwa ranar 23 ga Fabrairu, 1970. Bai taɓa riƙe naira ba, domin sai a 1973 ta maye gurbin fam da sule. A 2005 aka fitar da takardar naira dubu ɗauke da hotonsa, shekara talatin da biyar bayan rasuwarsa. Yaron da aka yi jayayya kan sa shi makaranta, shi ne ya zama malami, ya sake zama ɗalibi, har aka danƙa masa dukiyar ƙasa baki ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.