Hermann Gossen, Masanin Da Littafinsa Ya Yi Kwantai

An haifi Hermann Gossen a garin Duren na ƙasar Jamus cikin shekarar 1810. Ya yi karatu a Jami'ar Bon, ya kama aikin gwamnati, amma aikin bai kwanta masa ba, ya ajiye shi a 1847.

Cikin 1854 ya buga littafi game da yadda mutum ke biyan bukatunsa. Ya nuna daɗin abu raguwa yake yi in ana ƙara shi, watau kamar mai ƙishirwa, moɗar farko ta fi ta uku daɗi. Don haka mai dabara yakan kasa kuɗinsa, har kwabon ƙarshe da ya kashe kan kowace bukata ya gamsar da shi daidai wa daida.

To, lissafi ya yi wa littafin yawa, masu saye suka ƙi shi. Gossen ya janye shi daga kasuwa, ya mutu a Kolon a 1858. Sai a 1879 masanin Ingila, Jevons, ya shaida wa duniya cewa Gossen ya riga shi. Yau da sunansa ake kiran ƙa'idojin nan biyu.