Michael Faraday, Ɗan Maƙerin da Ya Ba Mu Haske

Duk lokacin da muka kunna wutar lantarki don karatun dare, muna cin moriyar aikin wani ɗan maƙeri mai suna Michael Faraday. An haife shi a 1791 kusa da birnin Landan a Ingila. Iyayensa matalauta ne, don haka bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, inda ya riƙa karanta littattafan da aka kawo ɗinki.

A 1812 ya saurari laccocin wani masanin kimiyya, Humphry Davy. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki.

A 1831 Faraday ya gano cewa in an motsa maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya, lantarki yakan gudana a wayar. Da wannan hikima janareto da injunan madatsar Kainji suke ba da wuta.

Duk da sunan da ya yi, bai ɗaga kai ba. Ya zama dattijo a ƙaramar ikilisiyarsu, yana wa'azi. Sau biyu aka miƙa masa shugabancin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, ya ƙi karɓa. Ya rasu a 1867.

Mu da muke da aji da malamai, ina hujjarmu? Mu tuna, mai nema yana tare da samu.