Hannah Hoch: Matar da ta yi faɗa da almakashi

Ina yarinya a Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa a bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, kakata kan yanko hotuna daga tsofaffin mujallun Masar ta manna a bango, gefen jeren kwanukanta. Ni dai ado na ɗauke shi. Sai da na girma na san akwai matar da ta mayar da wannan aiki makami.

An haifi Hannah Hoch a garin Gotha na Jamus a 1889. A 1912 ta tafi Berlin koyon zane, daga 1916 kuma ta yi shekara goma a kamfanin buga mujallu na Ullstein, tana zana samfurin ɗinki da surfani don mata. Can ta samu kayan aikinta: hotuna tuli, almakashi da gam.

Ita kaɗai ce mace a ƙungiyar masu zane ta Dada a Berlin. Da za a yi baje kolinsu a 1920, George Grosz da John Heartfield suka so hana ta shiga. Ta shiga kuwa, da wani babban allo inda ta yayyanka fuskokin sarki da janar-janar, ta ɗora su kan jikin da ba nasu ba. A kusurwa ta manna taswirar ƙasashen Turai da suka ba mata damar jefa ƙuri'a.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikinta daga 1924, inda take ɗora hoton sassaƙen Afirka kan jikin Baturiya, don ta nuna yadda ake baje mace da baƙar fata kamar haja. Amma fa ina da ja. Ba ta faɗi sunan masu sassaƙen ba, ba ta nuna ta yaya kayan suka isa Turai ba. Mu da ake haɗa mu duka a ce Fallata, mun san zafin a manna maka fuskar da ba taka ba.

Da 'yan Nazi suka ɗauki irin zanenta gurɓatacce, ba ta gudu ba. A 1939 ta koma wani ɗan gida a Heiligensee, bayan garin Berlin, ta ɓoye ayyukanta da na abokanta har yaƙi ya ƙare. Ta mutu a 1978 tana da shekara 88. Yau masu zane irin Wangechi Mutu 'yar Kenya suna bin sawunta, da idon 'yar Afirka.

Da yaƙi ya taso mu daga gida, bangon kakata ba ya ɗaukuwa. Hoto uku na ɓamɓaro na sa a jaka. Su nake kallo yanzu ina wannan rubutu.